Warin dizal a cikin mota bayan sabis

Warin dizal a cikin mota bayan an fito da ita daga gareji yakan fito ne daga ɗaya cikin abubuwa uku: man da ya zube lokacin aiki, yoyon da aikin ya haddasa, ko hayaƙin salansa da ke shigowa ɗakin motar. Aikin mai bincike shi ne ya raba su, domin na farko wanki kawai yake bukata, sauran biyun kuwa gyara ne da bai kamata a jinkirta ba.

Yawancin motoci suna zuƙo iskar cikin ɗaki ne ta ramukan da ke gindin gilashin gaba, dab da bayan inji. Duk abin da ya ɗiga a kan inji mai zafi, fanka za ta kawo warinsa har hancin direba. Shi ya sa gwajin farko ba ya bukatar sifana: a danna maɓallin da ke sa iska ta riƙa zagayawa a ciki kawai. In warin ya ragu, daga ƙarƙashin bonet yake. In bai canza ba, a duba tabarmar ƙafa, kujerar direba da but, inda takalmin makaniki ko tsohuwar filta kan bar mai.

Dizal ba ya bushewa da sauri kamar fetur. Wanda ya zube lokacin canjin filta yakan kwanta a kwanon roba na ƙarƙashin inji ko ya jiƙe soson da ke rage ƙara, ya yi ta wari na kwanaki. Amma irin wannan warin raguwa yake kullum. Wanda ke tsaye a wuri ɗaya ko yake ƙaruwa bayan mako guda, yoyo ne.

Wurin da aka fi samun yoyon shi ne filtar mai da kanta. Zoben robar da ke toshe bakinta kan murɗe in an saka shi a bushe, ko a mayar da tsohon da ya riga ya taurare, ko kuma tsohon ya maƙale a sama a ɗora sabo a kansa. A motoci irin su Toyota Hilux da Hiace akwai na'urar gano ruwa da ake ɗaurawa a gindin filtar, tana da nata zoben da kuma 'yar kusar tsiyayar ruwa, kuma sau da yawa ita ake mantawa ba a matse ba. Famfon hannu da ke saman filtar ma robarsa kan tsage. Alamar da ke tare da wannan ita ce mota ta yi wuyar tashi da safe, saboda ramin da mai ke fita ta nan iska ke shiga, man ya koma tanki cikin dare.

Na biyu su ne ƙananan tiyon da ke mayar da rarar mai daga injekta, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, zuwa tanki. Zafi yana busar da su, taɓawa kaɗan lokacin aiki ta isa ta fasa su, sai a ga mai ya taru a ramin injekta. In kuma an cire injekta aka mayar da tsohuwar washar tagulla, iskar konewa za ta riƙa hurowa ta gefenta: ana jin ƙarar "caf-caf" daidai da bugun inji, warin ya fi kama da hayaƙi mai yaji, daga baya baƙin abu kamar kwalta ya daskare a wurin. Washar nan sau ɗaya ake amfani da ita, kuma sai an share mazauninta tas kafin a sa sabuwa.

Hanyar tabbatarwa ita ce a wanke wurin da inji a sanyaye, a busar da shi, a shimfiɗa kwali a ƙasa, a tayar da mota na minti 10 zuwa 15 ana haska tocila. Farar takarda da aka goga a kowace mahaɗa bayan an kashe inji tana nuna jiƙon da ido ba ya gani. Kada a kai hannu kusa da bututun ƙarfe na injekta inji na aiki. A injinan zamani matsin man yakan kai 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", siririn feshin man da ke fita ta tsaga yana huda fata, kuma raunin na tiyatar gaggawa ne ko da ya yi kama da cizon ƙwaro.

A zaro sandar auna baƙin mai a shinshina. In man ya haura alamar sama, ya tsinke, yana warin dizal, to dizal na gangarawa cikin baƙin man inji, kuma ci gaba da tuƙi zai cinye biyarin, wato ƙarafan da sassan inji ke juyawa a kansu.

In warin na hayaƙi ne kuma yana tare da ciwon kai ko jiri, a duba mahaɗar salansa da bututun EGR, wato wanda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, a nemi baƙar toka a gefen gasket. Hayaƙin na ɗauke da iskar kabon monoksaid mai guba, don haka a sauke gilasai, a kai motar gyara a ranar. Haka nan duk yoyon da ke ɗiga kusa da turbo ko salansa, a kashe injin a ja motar zuwa gareji.