Post-UTME ba "fostin" ba ce

Tun da sakamakon JAMB ya fito, duk shagon kwamfutar da ka leƙa daga Samaru har Kongo zancen ɗaya ne: Post-UTME. Shekaranjiya a teburin mai shayi wani dattijo yake ba mu labari, baki har kunne, wai ɗansa ya ci maki 240, fostin kawai suke jira. Dattijo dai na yi masa uzuri. Wanda ya ɓata min rai mai gabatar da shiri ne a rediyo, da ya fassara kalmar da "tura ɗalibai jami'o'i".

Fostin na masu yi wa ƙasa hidima ne, a jefa ka Bayelsa ko Yobe. Shi wannan "post" ɗin ma'anarsa "bayan", wato jarrabawar da jami'a ke shiryawa da kanta bayan UTME, jarrabawar JAMB. Ba tura yaro ake yi ba, sake ɗora shi a sikeli ake yi.

A 2005 aka fara, zamanin Obasanjo, Chinwe Obaji tana ministar ilimi. Jami'o'i ne suka yi ta ƙorafi cewa yaro zai zo da maki kamar na aljani, amma ya kasa rubuta wasiƙa, don a cibiyar satar amsa aka haɗo masa. Lokacin ma Post-UME ake cewa, "T" ɗin ta shigo ne a 2010 da aka haɗe jarrabawar jami'a da ta foliteknik da kwalejojin ilimi. A 2016 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya soke ta, sai jami'o'i suka sake mata suna "tantancewa". A 2017 ya janye haramcin, da sharaɗin kuɗinta kada ya wuce naira 2,000. Sunan tantancewar kuwa ya zauna daram, shi ya ƙara dagula lissafi: wani wurin gaban kwamfuta za ka zauna ka amsa tambayoyi, wani wurin makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO kawai za a haɗa. Duk suna ɗaya.

Ni ban ƙi ta ba, ta tona asirin da yawa. Sai dai idan na ga yaro ya taso daga Gombe, ya kashe kuɗin mota ninkin ba ninkin na fom, ya kwana a barandar masallaci don jarrabawar da ba ta cin yini guda, nakan ce da sake.

Ko ya ci ma da saura. A jami'ar tarayya irin ABU kashi 45 na gurbi na cancanta ne, 35 na jihohin yankinta, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, sannan sai sunan yaro ya fito a CAPS, shafin JAMB na tabbatar da ba da gurbi.

Na ce wa dattijon, "Baba, me ya nema?" Ya ce likitanci, a Shika, inda asibitin koyarwa na ABU yake. Na ce to a karɓe wayar hannunsa, ya koma kan littafi.