Rikicin Ɗaliban Mosko na 1965

Rikicin ɗaliban Mosko na 1965 taƙaddama ce ta diflomasiyya da ta tashi tsakanin Tarayyar Soviet da ƙasar Sin, bayan jami'an tsaron Soviet sun tarwatsa ɗalibai 'yan ƙasashen waje da ke zanga-zanga a gaban ofishin jakadancin Amurka a Mosko, ranar 4 ga Maris, 1965. Ƙasashen biyu duk na kwaminisanci ne, amma a lokacin sun yi shekaru suna zaman doya da manja kan wace ce ta fi cancanta ta ja ragamar tafiyar kwaminisanci a duniya.

Yaƙin Vietnam ne mafarin lamarin. A farkon Fabrairun shekarar, jiragen Amurka suka kai hari Vietnam ta Arewa, a daidai lokacin da firaministan Soviet, Alexei Kosygin, yake ziyara a Hanoi. Ranar 9 ga watan, ɗalibai suka yi wa ofishin jakadancin Amurka a Mosko ruwan duwatsu da kwalaben tawada, 'yan sanda kuwa ba su yi wani abin kirki don hana su ba. Amurka ta nuna fushinta ƙwarai.

Da aka sake fitowa a watan Maris, kwana biyu bayan Amurka ta ƙaddamar da luguden wuta na dogon lokaci a kan Vietnam ta Arewa, mahukunta sun riga sun shirya. An jera motocin kwasar ƙanƙara a matsayin shinge, ga 'yan sanda a kan dawaki. Ɗalibai kusan 2,000, da 'yan Sin da 'yan Vietnam a sahun gaba, suka kutsa, suka farfasa tagogi, har sai da aka kawo sojoji. An ji raunuka daga ɓangarorin biyu. Ministan harkokin wajen Soviet Andrei Gromyko ya ba jakadan Amurka Foy Kohler haƙuri, abin da ya ƙara harzuƙa Beijing.

Gwamnatin Sin ta miƙa takardar ƙorafi, tana neman Mosko ta amsa laifinta, ta roƙi gafarar ɗaliban, ta kuma hukunta waɗanda suka yi dukan. Aka kuma yi zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Soviet a Beijing. Mosko ta yi watsi da ƙorafin, ta ce 'yan Sin ne suka tsokani faɗan da gangan. Wasu daga cikin ɗaliban Sin da suka ji rauni an mayar da su gida, aka sauko da su daga jirgi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya a gaban masu ɗaukar hoto, Soviet kuwa ta ce duk shiri ne.

A gaskiya ba raunin ɗaliban ne ya fi damun kowa ba. A makon da abin ya faru ne jam'iyyun kwaminisanci 19 suke taro a Mosko, taron da Sin ta ƙaurace wa, kuma hoton ɗan sandan Soviet yana kare tagar Amurkawa da kulki ya ba Beijing hujjar da take nema cewa Mosko na haɗa baki da 'yan mulkin mallaka. Ita kuwa Mosko, kare ofishin jakadanci wajibi ne a kanta bisa dokar ƙasa da ƙasa.

Irin haka ta sake faruwa ranar 25 ga Janairu, 1967, lokacin da ɗaliban Sin da ke kan hanyar komawa gida daga Turai suka yi arangama da 'yan sanda a wajen kabarin Lenin da ke Mosko. A wannan karon, masu zanga-zanga sun yi wa ofishin jakadancin Soviet a Beijing ƙawanya sama da mako biyu, har Mosko ta kwashe iyalan ma'aikatanta.