Takardun Fitar da Kaya Waje ta Tashoshin Legas

Takardun fitar da kaya su ne shaidun da hukumomin Najeriya da na ƙasar mai saye ke nema kafin a loda kaya a jirgin ruwa, da kuma kafin a sauke su. A Legas, tashoshin Apapa da Tin Can da sabuwar tashar Lekki, wadda aka buɗe a 2023, su ne ƙofofin fita. Amfanin gona da yawa da ke bi ta cikinsu daga Arewa yake zuwa: riɗi da zoɓorodo daga Dawanau a Kano, citta daga kudancin Kaduna, ƙaro daga Yobe da Borno. Shi ya sa Hausawa, daga masu sito zuwa direbobin tirela, suka daɗe cikin wannan harka.

Farkon abin shi ne rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, wadda aka kafa a 1976. Daga nan ɗan kasuwa zai cike fom ɗin NXP ta hannun bankinsa, inda zai bayyana irin kayan, yawansu, kuɗinsu da wanda ya saya. Da wannan fom Babban Banki ke bin sawun kuɗin, domin doka ta ce a dawo da su gida cikin kwana 180 idan kayan ba man fetur ba ne. Ana kuma biyan kashi 0.5 cikin ɗari na darajar kayan a matsayin kuɗin dubawa, sannan kamfanin da gwamnati ta naɗa ya duba su ya ba da shaidar cewa abin da ke cikin kwantena shi ne abin da aka rubuta.

Shaidar inganci kuwa ta danganta da kayan. Hukumar NAQS ce ke tabbatar da cewa amfanin gona ba ya ɗauke da ƙwari ko cuta, hukumar FPIS ta duba nauyi da tsabta da buhuna ta kuma sa ido kan feshi. Abincin da aka sarrafa, kamar garin yaji ko kilishi a leda, na NAFDAC ne. Shaidar asalin kaya daga ƙungiyar 'yan kasuwa ta NACCIMA take fitowa. Hatta katakon da ake jera buhuna a kai sai an gasa shi ko an yi masa magani an buga masa hatimi, bisa ƙa'idar duniya mai suna ISPM 15.

A Legas ake buga hatimi, amma tun daga gona da sito ake cin jarrabawar ko a faɗi. Wake ne babban misali. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya bayan an yi ta samun maganin ƙwari na dichlorvos a cikinsa, wanda a kasuwa ake kira fiya-fiya. Abin da Turai ta yarda da shi bai wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya ba, kuma an sabunta haramcin fiye da sau ɗaya. Mai siton da ya yayyafa maganin don gudun ƙwari ya tsare wakensa, amma ya rufe wa kowa kasuwa. Gyaɗa kuma matsalarta gubar aflatoxin ce, wadda fumfuna ke haifarwa idan an ɗura ta a buhu da sauran laima. Ba a ganinta da ido, soyawa ma ba ta kawar da ita. Riɗin da aka shanya a ƙasa, inda kaji da awaki ke ratsawa, yakan kwaso ƙwayar cutar salmonela. Duk waɗannan, ejan fitar da kaya mafi wayo a Apapa ba shi da yadda zai yi da su. Gwada samfur kafin tirela ta bar Kano ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a ƙone kaya a tashar Rotterdam da ke Turai, ko a dawo da su a kan kuɗin mai su.

Kwastan na duba kwantenonin fitarwa a wurin tara kwantena na Lilypond da ke unguwar Ijora, su garƙame su da hatimi, sannan tirela ta jira kiran manhajar Eto, wadda hukumar tashoshin ruwa ta fara aiki da ita a 2021 don rage cunkoson Apapa. Abin da ya fi tsayar da kaya a nan shi ne saɓani tsakanin takardu: nauyin da ke kan rasit ya bambanta da na jerin kaya, ko lambar HS, wato lambar da kwastan na duniya ke gane kowane irin kaya da ita, ba ta dace da abin da ke cikin buhu ba. Kuskuren lamba ɗaya kan sa jirgi ya tashi ya bar kwantena, kuɗin ajiya na hawa kullum, zoɓorodo kuma yana shan laimar Legas.

Akwai kayan da babu takardar da za ta fitar da su. Cikinsu har da masara, ɗanyen katako, fatun da ba a gama jemewa ba, ƙarafan gwangwan, kayan tarihi da namun dajin da ke dab da ƙarewa.