Amosanin Gaɓɓai a Jikin Kyanwa

Amosanin gaɓɓai ciwo ne da ke cin mahaɗar ƙasusuwan kyanwa sannu a hankali, har guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi ya zaizaye, gaɓa ta kumbura, motsi ya zama wahala. Ba ya warkewa, amma ana iya rage raɗaɗinsa ƙwarai, mage ta ci gaba da harkokinta shekaru da dama. Yana cikin cututtukan da suka fi yawa a jikin tsofaffin kyanwoyi, kuma yana cikin waɗanda aka fi kasa ganewa, domin mage ba ta kuka da ciwonta, ba ta kuma cika ɗingishi ba.

Yadda ciwon yake kamawa

A lafiyayyar gaɓa, guringuntsi mai santsi ne ke hana ƙashi gugar ƙashi, ga kuma wani ruwa mai yauƙi da ke sauƙaƙa motsi. Idan guringuntsin ya fara lalacewa ba ya komawa yadda yake, saboda jini ba ya ratsa shi. Daga nan sai fatar cikin gaɓar ta kumbura, ruwan ya tsinke, ƙashi ya riƙa fitar da 'yan tsiro a gefe. Gaɓar sai ta koma kamar keken ɗinkin da aka daɗe ba a sa wa mai ba, tana motsi amma da ƙyar. Da yake kyanwar ta rage amfani da ƙafar, tsokar wurin sai ta rame, ramar kuma ta ƙara wa gaɓar nauyi. In ciwon ya daɗe, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi kan ƙara kaifi, har shafa ta lallashi ma ta zame mata azaba.

Wuraren da ya fi kamawa su ne kwatangwalo, gwiwar ƙafar baya, gwiwar ƙafar gaba, idon sawu, da ƙarshen ƙashin baya wajen ƙugu. Galibi yakan kama hagu da dama lokaci guda. Wannan ne ya sa ba a ganin ɗingishi, tunda babu lafiyayyar ƙafar da za ta jingina a kai.

Yawansa da abin da ke kawo shi

A wani bincike da aka wallafa a 2002 daga Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, an duba hotunan ƙashin kyanwoyi 100 da suka haura shekara 12, aka samu alamar lalacewar gaɓa a kashi 90 cikin 100, alhali 'yan ƙalilan ne aka taɓa rubuta musu wannan ciwo a katin asibiti. Wani binciken na 2011 daga Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan ya samu ciwon a kashi 61 cikin 100 na kyanwoyin da suka kai shekara 6 zuwa sama.

Cikin abubuwan da ke kawo shi, tsufa shi ne kan gaba. Bayansa akwai tsohon rauni, wato karaya ko gocewar ƙashi da ta haɗe a karkace, ko cizon da ya kai ga gaɓa ya yi ruwa. Kyanwoyin Kano sun san waɗannan sarai: faɗowa daga katanga ko rufin kwano, bugun babur da adaidaita sahu a lungu, jifan yara, da faɗan muzurai cikin dare. Raunin da aka ga ya warke tana 'yar shekara 2 yakan dawo da ciwo tana 'yar shekara 9. Ƙiba na ƙara tsananta shi, musamman ga kyanwoyin da ke kulle cikin gida ba sa farauta. Akwai kuma na gado a wasu nau'o'in waje da masu sha'awa ke saye. Mai naɗaɗɗen kunne da ake kira Scottish Fold tana ɗauke da lahanin guringuntsi tun haihuwa, shi ne ma ya naɗe mata kunnen, kuma yakan taɓa ƙafafu da jela tun tana ƙarama. Manyan kyanwoyin Maine Coon kuwa sun fi samun kwatangwalon da bai zauna daidai ba.

Abinci ma yana da hannu a wasu cututtukan ƙashi masu kama da wannan. Kyanwar da aka saba wa hanta kullum, kamar yadda ake yi a gidajen da ke kusa da mahauta, bitamin A kan yi mata yawa, ƙasusuwan wuyanta su manne har ta kasa juya kai. 'Yar kyanwar da aka raina da tsokar nama zalla kuma ƙashinta kan yi laushi don rashin sinadarin kalsiyam.

Alamomi

Alamar wannan ciwo tana cikin abin da kyanwa ta daina yi, shi ya sa mutanen gida suka fi likita saurin gane ta in sun lura. Wadda ta saba haye katanga da tsalle ɗaya sai a ga ta tsaya tana duban sama, tana jinkiri, ko ta bi ta kan randa da buhu kafin ta kai. Wajen saukowa sai ta zame da ƙafafun gaba a jikin bango maimakon ta diro. Kwanan kan sif ko taga ya ƙare, ta koma ƙasa. Barci ya ƙaru, wasa da kamun ɓera sun ragu. A shagunan hatsi irin na Dawanau, inda aikin mage ke nan, abin da mai shago zai fara cewa shi ne ta yi lalaci ko ta tsufa, alhali ciwo ne ya zaunar da ita.

Gashin bayanta da na gindin jela yakan cukurkuɗe saboda ba ta iya lanƙwasawa ta lashe shi, wani lokaci kuma ta yi ta lasar gaɓa ɗaya har gashin wurin ya zube. Farata kan yi tsawo su yi kauri don ta daina karce itace, har su lanƙwashe su shige tafin ƙafa. Hali ma yana sauyawa: mai son a ɗauke ta sai ta fara gurnani, ta yi yaƙushi, ta guji yara, ta nemi lungu. Sai kuma kashi da fitsari a inda ba ta saba ba, domin tafiya zuwa wurin yashi ko tsallaka bakin kaskon yashin da take bayan gida a ciki ya gagare ta. Nan ne ake yawan zaluntar tsohuwar mage, a doke ta ko a kore ta daga gida a kan abin da ba ta da iko a kai. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, sananne ne, kuma haƙƙin dabbar da ke hannun mutum ba ya faɗuwa don ta tsufa.

Ganowa

Likitan dabbobi zai saurari bayanin mai ita, ya lallatsa gaɓoɓi, ya duba ramar tsoka, in da hali ya ɗauki hoton ƙashi. Hoton ba ya faɗin girman zafin, domin akan ga gaɓa ta lalace sosai ba ta ciwo, wata kuma hotonta lafiya lau amma tana azabtar da dabbar. A asibiti tsoro kan sa mage ta maƙure ta ƙi tafiya, don haka ɗan bidiyon waya da aka ɗauka a gida, tana tafiya ko tana ƙoƙarin hawa kujera, yana da amfani matuƙa. Gwajin jini da na fitsari ya zama dole kafin a fara magani, saboda ciwon ƙoda ya yi yawa a tsofaffin kyanwoyi kuma sau da yawa tare suke zuwa da ciwon gaɓa. A Kano akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila, da masu zaman kansu. Abin da ya shafi tiyatar ƙashi kuwa ana iya kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Haɗarin maganin mutane

Babbar musiba a wannan ciwo takan zo ne ta hannun mai tausayi. Mutum ya ga magensa na fama, kemis na bakin layi, sai ya ɓantari ƙwayar da shi kansa yake sha ya tura mata. Farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, guba ne ga kyanwa. Hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da shi, sai ya lalata jajayen ƙwayoyin jini su kasa ɗaukar iskar numfashi. Cikin 'yan sa'o'i dasashi ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, fuska da tafin ƙafa su kumbura, ta yi ta haki. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta, ɓarin ƙwaya da sirof ɗin yara ma ba su da aminci. Akwai makarinsa, sinadarin asetilsistin, amma sai an garzaya da ita kafin jiki ya lalace.

Ibufurofen da diklofenak suna huda ciki su kashe ƙoda. Asfirin yana daɗewa a jinin mage kwana da kwanaki, sai ya taru ya zama guba. Man zafi da sauran mayukan shafawa ma haka suke, domin duk abin da aka shafa mata lashewa za ta yi, ko da a ƙafar mai gida aka shafa ta zo ta lasa. Tafarnuwa da albasa, da ake yawan sawa a haɗin gargajiya na sanyin ƙashi, suna fasa jinin kyanwa. Kai ta wurin mai ɗori ko yi mata sakiya ba ya gyara guringuntsin da ya cinye, sai ƙarin wahala.

Magungunan da likita ke bayarwa

Meloksikam, da ake sayarwa da sunan Metacam, shi ne aka fi amfani da shi, kuma Turai ta amince a riƙa bai wa kyanwa shi na dogon lokaci tun 2007. Awonsa ƙanƙani ne, miligiram 0.05 ga kowane kilo a rana. Ke nan mage mai kilo 4 na shan miligiram 0.2, alhali ƙaramar ƙwayar mutane miligiram 7.5 ce, ninki fiye da 30. Ruwan maganin da aka yi wa kare ma ya ninka na kyanwa ƙarfi sau 3. Ana ba da shi tare da abinci, a kuma dakata nan take in ta ƙi ci, ko tana amai, ko zawo, ko kashinta ya yi baƙi. Ba a haɗa shi da magungunan kumburi irin su deksametason ko firedinisolon. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, sai an ƙara sa ido, domin wannan magani a jikin da ruwa ya yi ƙaranci shi ke taɓa ƙoda. Robenakoksib, mai sunan Onsior, danginsa ne, sharuɗɗansu kuma kusan ɗaya.

Gabafentin yana taimakawa inda jijiyoyi suka yi kaifi, sai dai yana sa barci da tangaɗi, kuma ana rage awonsa ga mai ciwon ƙoda. Tiramadol yana aiki a jikin kyanwa, amma ɗacinsa kan sa ta dalalar da yawu ta ƙi shi. Sabon abu shi ne allurar Solensia ta kamfanin Zoetis, wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2021, Amurka kuma a Janairun 2022. Sau ɗaya ake yin ta a wata, a ƙarƙashin fata, tana toshe wani furotin da ke kunna jijiyar zafi. Wasu kyanwoyin kan yi ƙaiƙayi ko amai bayanta, ba a kuma yi wa mai ciki ko mai shayarwa. Tana da tsada, kuma dole ta zauna a firji tsakanin digiri 2 da 8, abin da ba ƙaramin aiki ba ne inda wuta ke zuwa tana tafiya.

Man kifi mai omega-3 yana da hujja gwargwado wajen sauƙaƙa motsi, amma ban da man hantar kifi, saboda yawan bitamin A. Gulukosamin da ake tallatawa a matsayin maganin gaɓa hujjarsa mai rauni ce, kuɗinsa ya fi amfani a gwajin jini. In kwatangwalo ɗaya ne ya lalace, akan yi tiyata a yanke kan ƙashin cinya, kuma da yake kyanwa ba ta da nauyi takan koma tafiya sosai.

Kula a gida

Rabin aikin a tsakar gida yake, kuma ba ya cin kuɗi. A sauko mata da abinci da ruwa ƙasa, a ɗan ɗaga kwanon a kan bulo don kada ta sunkuya da yawa. A ajiye ruwa wuri biyu ko uku a inuwa. Inda take son hawa a jera mata kujerar tsuguno ko akwati su zama matakala. Kaskon yashi ya zama mai faɗi, bakinsa gajere, kusa da makwancinta. Tayil da ledar ɗaki suna sa ta zamewa, shimfiɗa tabarma ko tsohuwar darduma a hanyarta ya wadatar.

Da hunturu, a Disamba da Janairu, daren Kano kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma masu kyanwoyi kan lura jikin kyanwoyin ya fi sandarewa da asuba. Kwali da tsohon bargo a cikin ɗaki, nesa da iskar ƙofa, ya fi mata kwanan siminti. A kula da murhu da kurfoti, domin neman ɗumi kan kai tsohuwar mage cikin toka mai sauran garwashi, ga shi ba ta da saurin tashi. A taje mata gashin da ta kasa lasa, a rage tsinin farata, a ja ta da wasa na 'yan mintuna da zare ko gashin kaza a ƙasa ba tare da tsalle ba, don tsoka kada ta mutu.

Mai ƙiba sai an rage mata nauyi, amma a hankali, kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. Ba a hana ta abinci gaba ɗaya, domin mage mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse kan taru a hantarta, ciwon da ke iya kisa. Wadda ke kan meloksikam ko danginsa ana maimaita mata gwajin ƙoda duk bayan wata 6, ko kafin nan in an ga ta ƙara shan ruwa, fitsari ya yawaita, ko tana ramewa. Ranar zuwa asibiti a sa ta a kwando mai murfi da shimfiɗa a ciki, ba a buhu ba, kuma a ɗauke ta da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin cinyoyi, ba ta fatar wuya ba.