Waiwaye: Daga ina sunan Jean-Baptiste ya samo asali?

Duk wanda ya saba da jerin sunayen Faransawa ya san yadda suke haɗa suna biyu su sa ɗan layi a tsakani: Jean-Pierre, Jean-Paul, Jean-Claude. Yawancinsu sunayen waliyyai biyu ne na Kirista aka gwama. Jean-Baptiste ya fita daban, domin mutum ɗaya ne da laƙabinsa, kamar dai yadda Bahaushe ke raɗa wa yaro Abubakar Sadik ko Umar Faruk.

Mutumin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne Annabi Yahaya ɗan Zakariyya, wanda Kiristocin Hausa ke kira Yahaya Maibaftisma ko Yohanna Mai Baftisma. Kalmar Jean ta yi doguwar tafiya kafin ta zama haka. A Ibrananci Yohanan ne, ma'ana Ubangiji ya yi alheri. Girkawa suka mayar da shi Ioannes, Latin ta ce Iohannes, tsohon Faransanci ya taƙaita shi zuwa Jehan, daga bisani harafin h ya faɗi. Baptiste kuma daga Girkanci ne, wato mai tsoma mutane a ruwa, aikin da Linjila ta ce ya yi a kogin Urdun. Da laƙabin ne ake bambanta shi da ɗaya Jean ɗin, almajirin Annabi Isa. Faransawa ba sa furta p ɗin, "Batist" suke cewa.

Abin da ya yaɗa irin waɗannan sunaye shi ne yawan Jean kansa. A gida ɗaya sai a samu uba Jean, 'ya'ya biyu Jean, to dole a nemi abin ƙari. Shahararren marubucin wasan kwaikwayo Molière misali ne: a Janairun 1622 aka yi masa baftisma a Paris da sunan Jean Poquelin kawai, sai da aka haifi ƙanensa aka sake sa masa Jean, sannan aka fara kiran babban Jean-Baptiste. Mu da muke da Muhammadu Sani da Muhammadu Salisu a tsakar gida ɗaya, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Doka ma ta taimaka. Wata doka ta 1803, zamanin Napoleon, ta taƙaita sunayen yara ga waɗanda ke cikin kalanda, galibi sunayen waliyyai, da na mutanen tarihi, kuma sai a 1993 aka sakar wa iyaye mara.

A ƙarni na 17 sunan ya yi tashe: Colbert, ministan Sarki Louis na 14, yana ɗauke da shi, haka ma Lully mawaƙin fada, ɗan Italiya da sunansa na yanka shi ne Giovanni Battista, wato Jean-Baptiste da Italiyanci. Janar Jean-Baptiste Bernadotte kuwa har sarautar Sweden ya hau a 1818.

Mulkin mallaka da mishan suka kai shi nesa. A Quebec ta Kanada, ranar wannan waliyyi, 24 ga Yuni, ita ce ranar al'ummarsu. A Haiti har ya koma sunan dangi. A Afirka kuwa, Jean-Baptiste Bagaza ya mulki Burundi daga 1976 zuwa 1987, sai Jean-Baptiste Ouédraogo, likitan soja da ya shugabanci Haute-Volta, Burkina Faso ta yau, har zuwa Agustan 1983 lokacin da juyin mulki ya kawo Thomas Sankara.