Hukuncin fasa gida ya yi tsauri: za a iya ɗaukaka ƙara?

Ɗana ya amsa laifin fasa gida a kotun majistare a Katsina, aka ɗaure shi. Amsa laifin ya rufe ƙofa ke nan?

A'a, Hajiya. Ɗaukaka ƙara iri biyu ce: ko mutum ya ce bai aikata ba, ko ya ce ya aikata amma ɗaurin ya wuce kima. Wanda ya amsa laifinsa da bakinsa, ta biyun ce hanyarsa.

Ina za a kai, kuma kwana nawa muke da shi?

Daga majistare sai Babbar Kotun Jiha, cikin kwana 30. In Babbar Kotun ce ta yanke hukuncin, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, cikin kwana 90. A nan iyalai da yawa ke tuntuɓe: ana ta jiran kawun da zai haɗo kuɗin lauya, kwanaki na ƙarewa. In wa'adi ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci da dalili mai ƙarfi. Wanda ba shi da hali ya nemi Legal Aid Council, hukumar gwamnatin tarayya da ke ba talaka lauya kyauta.

Me zai sa kotu ta rage?

Ba hawayen uwa ba ne, gaskiya. Kotun sama ba ta taɓa hukunci don kawai da ita ce za ta yanke ƙasa da haka. Sai lauya ya nuna inda alƙali ya kauce: ya zarce iyakar da dokar hukunta laifuka (Penal Code) ta sa wa laifin, ko ya ƙi duba cewa wannan ne karon farko, ko bai ba yaron damar neman sassauci ba, ko ya manta da watannin da ya yi a tsare yana jiran shari'a. Ita ma kotun za ta auna nauyin laifin. Wanda ya haura katanga da dare, mutane na barci a ciki, ba ɗaya yake da wanda ya ɓalle kwaɗon shago da rana ba. In kuwa an tsorata mutane da makami don a ƙwaci kaya, magana ta koma fashi, wata doka ce daban.

Zai fito kafin a gama?

Da wuya. Beli bayan an yanke hukunci sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiya mai tsanani. Kuma ki sani kotun na da ikon ƙara ɗaurin, don haka lauya ya karanta kwafin shari'ar tsaf kafin a shigar da takarda.