Buɗaɗɗen Kai Mai Lanƙwasa a Keken Kishingiɗa

Buɗaɗɗen kai mai lanƙwasa nau'in kan keke ne wanda bututunsa ke miƙewa hagu da dama daga tsakiya, sannan kowane ɓangare ya lanƙwasa gaba, ya yi ƙasa, ya dawo baya, cikin siffar ƙahon rago. Abin da ya bambanta shi da kan keken tsere na gargajiya shi ne ƙasansa ba ya sauka a tsaye. Bajewa yake yi waje, har faɗin ƙasa ya zarce na sama. An ƙera shi ne domin keken tsaye, wato keken da aka saba gani mai sirdi, mai bin burji da hanyoyin daji, amma masu hawan keken kishingiɗa, wato keken da mahayi ke jingina baya a kujera ƙafafunsa na miƙe gaba, sun ɗauko shi saboda wata buƙata ta daban. Su ba nauyin jiki suke ɗora masa ba. Hanyar da cinya za ta wuce suke nema, da kuma ƙarfin riƙe tayar gaba.

Asali

Keken kishingiɗa ya yi suna a Faransa ta hannun maƙeri Charles Mochet. A ranar 7 ga Yuli, 1933, Francis Faure ya hau keken Mochet a birnin Paris ya ci kilomita 45.055 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin kilomita 44.247 da Oscar Egg ya kafa tun 1914. Shekara ta zagayo, a 1934, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fitar da irin wannan keke daga gasanninta. Hukuncin ya yi tasiri har kan kayan gyara. Manyan kamfanoni tsere suke bi, don haka kusan duk kai da birki da giyar da ke kasuwa an auna su ne da mutumin da ke zaune bisa sirdi ya sunkuyo gaba. Mai keken kishingiɗa aro yake yi daga wannan kaya, kuma dole ya sake fassara kowane ma'auni da kansa.

Shi kuwa kai mai bajewa, masu doguwar tafiya a Faransa sun daɗe da amfani da mai 'yar bajewa kaɗan. A shekarun 1980 maƙeran keken dutse a Kalifoniya ta Amurka, irin su Charlie Cunningham da kamfanin WTB, suka ƙara masa faɗi domin hanyoyi masu gargada. Bai cika kasuwa ba sai a shekarun 2010, lokacin da keken burji ya samu karɓuwa.

Kekunan da ya dace da su

Ba kowane keken kishingiɗa ne ke karɓar wannan kai ba. Wanda kansa ke ƙarƙashin kujera, hannuwa na sauka gefen ƙugu, ba ruwansa da shi. Haka ma dogon keken da tayarsa ta gaba ke can gaban feda, domin shi kansa dogo ne mai dawowa baya zuwa ga mahayi.

Maganar ta fi shafar gajeren keke, wanda fedarsa ke gaban tayar gaba kuma kansa ke saman cinyoyi. A nan salo biyu ne. Akwai ƙaramin kai da ke zama kusa da ƙirji, gwiwoyin hannu a naɗe, gwiwoyin ƙafa na wucewa can gabansa. Akwai kuma buɗaɗɗen salo, inda hannuwa ke miƙewa gaba su kama kai a gefen gwiwoyi, ƙafafu na hawa da sauka a tsakaninsu. Wannan na biyun ne kai mai bajewa ke iya shiga.

Inda ya fi amfani nesa ba kusa ba shi ne keken da tayar gaba ke ja, wanda feda da sarƙa da giya duk suna haɗe da ɓangaren gaba da ke juyawa tare da kai. Kamfanin Cruzbike na Amurka ya shahara da wannan ƙira, kuma a kan kekensa Maria Parker ta zo ta ɗaya a ɓangaren mata na tseren ratsa Amurka a 2013. A irin wannan keke duk takun feda yana ƙoƙarin karkatar da taya. Idan ƙafar dama ta tura, gaban keken ya nufi hagu, sai hannun dama ya ja baya ya daidaita shi. Kai ya zama abin kokawa da ƙafa ke nan, musamman wajen hawan tudu da tashi daga tsaye. Gwargwadon nisan hannu daga tsakiya, gwargwadon sauƙin wannan aiki: hannuwan da ke santimita 50 tsakani suna buƙatar kashi huɗu cikin biyar ne kawai na ƙarfin da hannuwan da ke santimita 40 za su sa.

Ma'aunai da yadda ake karanta su

Faɗi shi ne lambar farko da ake bugawa a jikin kai, yawanci tsakanin santimita 38 da 46, wasu na burji har 50 ko fiye. Galibi daga tsakiyar bututu zuwa tsakiyar ɗaya bututun ake aunawa, amma kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan wurin da ake aunawa ba. Wasu a mazaunin hannun birki, wasu a ƙarshen bututu, wasu ma daga waje zuwa waje. A kai marar bajewa bambancin bai taka kara ya karya ba. A mai bajewa kuwa, kawuna biyu masu lamba 44 za su iya bambanta da santimita da yawa a wurin da hannu zai kama.

Bajewa da digiri ake auna ta, daga layin tsaye. Kan keken tsere bai cika wuce digiri 4 ba. Matsakaita suna tsakanin 12 da 16, manya kuma 24 zuwa sama. A kayan kamfanin Salsa, Cowbell yana da digiri 12, Cowchipper 24, haka VentureMax na Ritchey shi ma 24 ne. Ana iya ƙiyasta abin da digirin ke ƙarawa. Idan zurfin lanƙwasar milimita 120 ne, digiri 12 zai tura kowane gefe waje da kusan santimita 2.5, wato 5 a jimlace. Digiri 24 kuma zai ba da kusan 5 a kowane gefe, sama da 10 a jimlace. Kai mai santimita 42 a sama zai haura 52 a ƙasa.

Akwai wata karkata ta biyu da ake yawan cuɗa ta da bajewa. Ita wannan, jelar bututun, wato ƙarshensa da ya dawo baya, ita ce kawai ke kallon waje idan aka leƙo daga sama, lanƙwasar kanta na nan a tsaye. A keken tsaye amfaninta bai wuce ba wuyan hannu sarari ba. A keken kishingiɗa tana da daraja sosai, domin jelar nan ita ce ke nufo cinya da ciki idan an sha kwana.

Zurfi da tsawon miƙa gaba su ma ma'anarsu ta canja. A keken tsaye an yi zurfin ne don mahayi ya sunkuya ya tsere wa iska. Wanda ke jingine ba shi da inda zai sunkuya, saboda haka zurfi mai yawa ba abin da zai ƙara masa sai jela mai tsawo kusa da jiki. Kai marar zurfi, mai milimita 105 zuwa 120, da miƙa gaba mai 70 zuwa 80, shi ya fi zama daidai.

Lambar da ta fi kowacce muhimmanci kuwa ba a buga ta a ko'ina: sararin da ya rage a ciki. A ɗauki wurin da faɗinsa ya kai santimita 44 tsakiya zuwa tsakiya. Kaurin bututu zai ci kusan 2.4, tef ɗin naɗi ya ci kusan rabin santimita, manyan yatsu biyu da suka zagayo ta ciki su ci wajen 4. Abin da ya rage wa gwiwoyi biyu kusan 37 ne kawai. Mai kaurin cinya, ko wanda gwiwarsa ke buɗewa waje in ya taka, zai riƙa gugar yatsansa a kowane zagaye, kuma feda tana zagayawa sau 80 zuwa 90 a minti. Hanyar kauce wa haka ita ce a auna mutum kafin a auna ƙarfe. Mahayi ya zauna a keken an riƙe masa shi, ya juya feda baya a hankali da takalmin da yake hawa da shi, wani ya auna faɗin gwiwoyinsa daga waje zuwa waje a daidai inda kai zai tsaya. A ƙara aƙalla santimita 2 a kowane gefe, sannan a ƙara kaurin yatsu da na bututu. Jimlar ita ce mafi ƙarancin faɗin da ake nema a wurin riƙo.

Faɗi fiye da buƙata shi ma da kuɗinsa. Babbar ribar keken kishingiɗa ita ce ƙarancin jikin da ke fuskantar iska, kuma hannuwan da suka fito waje da layin ƙafafu suna rage wannan riba. Wajen juyawa a ƙuntataccen wuri, hannun waje yana yin nisa har kafaɗa ta bar kujera, na ciki kuma ya matso cinya. Don haka ga yawancin mahaya, kai mai matsakaicin sama da isasshiyar bajewa ya fi kai mai faɗi tun daga sama. Sabon mahayi kan so faɗi don ya samu natsuwa, bayan ƙafafunsa sun koyi daidaita taya da kansu sai ya koma ga wanda ya fi tsukewa.

Wuyan hannu

Da yake nauyi na kan kujera, sagewar tafin hannu da ke damun masu keken tsaye ba ta cika faruwa a nan ba, kuma tef mai kauri bai zama dole ba. Abin lura shi ne kusurwar wuyan hannu. Idan mutum ya miƙa hannuwansa gaba ya sake su, tafukan ba sa tsayawa a miƙe sosai, ba sa kuma kifewa. Sukan ɗan karkata ciki. Bajewar digiri 12 zuwa 24 tana kusa da wannan zama. Idan ta yi yawa, gwiwoyin hannu sukan buɗe, kafaɗa ta gaji a doguwar tafiya.

Haɗuwa da birki da giya

Kauri biyu ake dubawa. Tsakiyar kai, inda wuyan keke ke damƙe shi, milimita 31.8 ce a kayan zamani, tsofaffi kuma 26.0 ko 25.4. Ana iya cike giɓi da zoben ƙarfe idan kai ya fi wuya siranta, amma kai mai kauri ba ya shiga ƙaramin wuya. Wurin riƙo kuwa milimita 23.8 ne, alhali miƙaƙƙen kai 22.2 ne. Kekunan kishingiɗa da yawa suna zuwa da hannun birki da abin sauya giya na miƙaƙƙen kai, waɗanda ba za su shiga sabon bututun ba. Sauya kai kan jawo sauya su gaba ɗaya, kuma sau da yawa kuɗinsu ya fi na kan.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Hannun birki na keken tsere waya kaɗan yake ja, birki mai siffar V da birkin faifai na keken dutse kuma doguwar ja suke so. In an haɗa su ba daidai ba, hannun zai taɓo bututu kafin keke ya tsaya, wanda haɗari ne na gaske. Shi ya sa birkin faifai mai waya irin Avid BB7 ya zo iri biyu, na titi da na dutse. A giya ma, haɗaɗɗen hannun birki da giya, wanda Shimano ya fito da shi a 1990, dole ya yi daidai da na'urar sauya giya ta baya da adadin giyoyin baya. Wasu sukan zaɓi abin sauya giya da ake cusawa a bakin bututu, saboda sauƙinsa da ƙarkonsa, sai dai yana ƙara wa jela tsawo, kuma wurin da madubi zai zauna ya tafi. Madubi kuwa wajibi ne, domin wanda ke jingine ba ya iya waiwaye yadda ya kamata.

Ɗaurawa da gwaji

Ba a ɗaura wannan kai yadda ake yi a keken tsaye. Ana juya shi a cikin wuya har wurin riƙo ya zo daidai da hannun da aka miƙa gwiwarsa a ɗan lanƙwashe, sannan a zame hannun birki sama ko ƙasa har yatsu biyu su kai gare shi ba tare da an saki riƙo ba. Kada a naɗa tef sai an gama gwaji. A juya kai iyakarsa hagu da dama, feda na sama sannan tana ƙasa, a duba ko jela na taɓa cinya, ko waya na ɗamewa. A gwada shiga da fita daga kujera, domin kai mai zurfi kan tare hanya a keken da wuyansa ba ya naɗewa gaba. Tsayinsa ma kada ya kai ga rufe wa mahayi ganin titi.

Mahaya da yawa sukan datse santimita 2 zuwa 4 daga jelar, tunda ba a kama ta a wannan zama. A yanke kaɗan-kaɗan, kuma wanda zai cusa abin giya a baki ya bar miƙaƙƙen wuri da zai ishe shi. Wannan na cikin dalilan da suka sa alminiyum ya fi dacewa da gwajin farko: yana da arha, yana yankuwa cikin sauƙi, yana kuma jure yawan kwancewa da ɗaurewa. Na kabon ya fi rashin nauyi, amma matsewa fiye da ƙima na iya fasa shi ta ciki ba tare da ido ya gani ba. Kusoshin wuya galibi ƙarfin matsewa na niyuton-mita 4 zuwa 6 suke so, kuma lambar na rubuce a jikin wuyan. A keken da tayar gaba ke ja, inda ake fizgar kai a kowane taku, a sake duba waɗannan kusoshi bayan hawan farko da kuma bayan duk wata faɗuwa.